Takalmin Faretin Baba Saje

Shekara biyu ke nan da 'yan watanni ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta musamman domin wannan labari, har ɓera ya ci gefensa ban rubuta komai a ciki ba sai sunana. Abu biyu suka hana ni. Na farko, karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron masu ilimi su yi mini dariya. Na biyu, kuma shi ne babba, idan na rubuta wani zai karanta wa surukina, shi kuwa har yau bai san gaskiyar abin da ya faru ba. Yanzu ciwo ya kwantar da shi, ɓoye-ɓoye ba shi da sauran amfani, shi ya sa na zauna.

Sunana Ishaya, manomi ne ni a bayan garin Zuru. Surukina, mahaifin matata Rifkatu, tsohon soja ne, kowa Baba Saje yake kiransa. Damina uku na yi ina yi masa noma kafin ya ba ni ita, kuma ban taɓa ɗaga ido na kalle shi kai tsaye ba.

A wajenmu da wuya ka sami gidan da babu soja, ko mai ci ko wanda ya yi ritaya. Ranar da tsohon soja ya rasu, abokan aikinsa sukan zo su ɗora hularsa da takalminsa a kan akwatin gawa, a raka shi da su har bakin kabari. Baba Saje ya daɗe da ajiye nasa domin wannan rana. Baƙin but ne mai kaiwa ƙwauri, da ƙusoshi a ƙasansa, yana zaune a kan kwabad cikin tsohuwar rigar filo. Duk Asabar yakan sauko da shi ya goge, har mutum ya ga fuskarsa a goshin takalmin.

Wani mutum da ake kira Dogo ne ya zo neman majiya ƙarfi. Ya ce aikin dako ne a ƙasar Kamaru, ana kafa ƙarfen sabis na waya a kan duwatsu, kuma mutanen Zuru yake so domin mu 'yan dutse ne. Ya ce mota za ta kai mu har gindin dutsen, za a ba kowa takalmin aiki da rigar ruwa. Sau uku na tambaye shi maganar takalmin nan, sau uku ya rantse. Da na je sallama da Baba Saje, silifas ne a ƙafata. Ya dube su ya daɗe.

"Da wannan za ka ƙetare iyaka? Mijin 'yata, a ƙasar wasu, kamar mai zuwa bayan gida?"

Na ce, "Baba, an ce za a ba mu a can."

"An ce. Rifkatu, sauko mini da shi."

Na ce, "Baba, wannan ai na ranar..." na kasa ƙarasawa.

"Na ranar mutuwata, faɗi mana. Ban shirya mutuwa bana ba. Ka je da shi, ka dawo mini da shi, shi ke nan."

Na sa a gabansa. Tun a nan na ji babban yatsana ya taɓa bango. Na ce a hankali, "Baba, ya ɗan matse."

"Haka yake. Mu da aka ba mu, wa ya tambaye mu lambar ƙafa? Kwana biyu ƙafarka za ta koyi zama a ciki."

Na yi godiya har ƙasa. Kuskurena daga nan ya fara, kuma ba zan ɗora wa tsohon ba. Ni ne na ji matsin, ni ne na yi shiru.

Ba zan ɓata takarda a kan zaman mota ba. A Gembu na fara sanin cewa akwai sanyin da yake shiga haƙori. A nan kuma Dogo ya miƙa mu ga wani mutum mai ƙaton ciki da ake kira Shef, ya ce zai je ya sayo katin waya. Har yau yana sayen katin. Da muka tambayi takalmin aiki, Shef ya shuri wani buhu da ƙafa. Aka zazzage, sai ga tsofaffin takalman ruwa, wasu duk na ƙafar hagu, wasu da ɓawon laka na wanda ya sa su bara, ɗaya har da mataccen kyankyaso a ciki. Manyan mutane masu iyali suka hau kokawa a kan wannan shara. Ni na koma gefe na harɗe hannu, ina jin kaina. Abokin tafiyata Markus, mutumin Kanya, wanda shi ma ubansa soja ne, ya dubi ƙafata ya ce, "Surukin Saje, kai dai ka haye. Mu ne za mu mutu." Kambas ne a ƙafarsa, tsoho, mai huji a wajen ƙaramin yatsa. Har tausayinsa na ji.

Muka ƙetare iyaka a kan babura, mutum uku-uku, muka sauka Banyo. Aka zuba mu a wani ɗaki da buhunan busasshen kifi suka kwana a ciki kafin mu. Da safe na je wurin wani mai shayi Bahaushe, ina murna na sami wanda zan yi magana da shi. Yana zuba mini shayi yana leƙen ƙafata.

"Baƙo, fareti za a yi ne a garin ba mu ji ba?"

Na ce aiki za mu je kan dutse.

"Da wannan? A daminar nan?" Ya nuna mini wasu Fulani da suke wucewa. "Ka ga abin da masu dutsen suke sawa."

Takalmin roba ne, wanda a gida muke kira tashi-ka-bi-shanu. A Zuru ko gona ba zan yarda a gan ni da shi ba. Na shanye shayina, a raina ina cewa hassada ce. Mutumin nan gaskiya ya faɗa mini kyauta, na bar rumfarsa ina jin haushinsa.

Motar da aka ce za ta kai mu gindin dutse ta tsaya a wata gada da ruwa ya cinye. Shef ya sauko ya ce daga nan ƙafa ce, kwana uku. Daga yadda direban ya juya mota ba tare da ya ko leƙa gadar ba, na gane sun daɗe da sanin ta karye. Aka raba kaya. Ni batir aka ɗora mini, mai nauyin buhun dawa da rabi, Markus kuma ƙarafa.

Mu mutanen Zuru muna alfahari da dutse, amma namu dutse busasshe ne, ƙafa tana kama shi. Na can ciyawa ce da jar laka mai santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. Ƙusoshin da suke ƙara mai daɗi a kan kwalta, a kan jiƙaƙƙen dutse zamewa suke yi. Laka ta manne a ƙasan but ɗin har kowace ƙafa ta zama kamar ina jan turmi. Hawa da sauƙi. Gangara ce azaba, domin duk nauyina da na batir yana tura yatsuna su daki goshin takalmin, shi kuwa fatarsa ta shekara ashirin tana shan man gogewa ba ta taka ƙasa ba, ta bushe kamar ƙwarya. Safa ɗaya na zo da ita, siririya mai santsi, ta zuwa coci. Kafin la'asar na ji wani ɗumi a diddigena, daga baya na ji danshi. Ban duba ba. Ina tsoron in duba.

Abin da ya fi damuna a ranar, kuma ina jin kunyar rubuta shi, ba ƙafata ba ce. Goshin takalmin ne da ya karce. Duk inda aka tsaya hutu, mutane suna shan ruwa, ni ina goge laka da gefen rigata.

Kwana na biyu muka iso wani rafi mai kaiwa ƙugu. Kowa ya faɗa da takalminsa. Ni na zauna na cire, don kada kayan Baba ya jiƙe. Safar ta fito da fatar diddigena a manne. Na ɗaure igiyoyin na rataya a wuya, na ƙetare, ruwan sanyi yana shiga ciwon kamar allura. A ɗaya gefen na yi na yi ƙafar ta koma, ta ƙi, ta riga ta kumbura. Shef yana ta ihu da yarensa yana nuna agogo. Markus ya ajiye kayansa ya danna mini da ƙarfi, na ji wani abu ya tsage a babban yatsana, na ciji leɓe.

Muna tafe Markus ya matso kusa da ni.

"Ɗan'uwa, akwai magani. Babana ya ce haka suke yi a bariki idan an ba su sabo."

"Mene ne?"

"Fitsari. Ka yi a ciki, ka bar shi ya kwana. Fatar za ta yi laushi kamar kunnen akuya."

Na tsaya cak. "Markus, takalmin surukina? Wanda za a ɗora a kan gawarsa?"

"To gawar za ta shinshina ne?"

"Kada ka sake faɗa mini wannan magana."

"Na bari. Amma ka sani duk sojan da ka gani yana taƙama, ya yi."

Muka kwana a wata makarantar da babu ƙofa, na cire but ɗin da ƙyar na ajiye a gefe. Da gari ya waye na jawo but ɗin, na ji shi a jiƙe, na ɗauka raɓa ce. Da na kai shi kusa da fuska, sai warin ya buge ni. Markus yana gefe yana tauna rogo, ya ƙi kallona.

"Markus."

"Na'am."

"Me ka yi?"

"Kai ka ce ba za ka iya ba. Ban ce kai ka yi ba. Ni ba surukina ba ne."

Ban taɓa dukan mutum ba tun ina yaro, amma ran nan na ɗaga hannu. Abin da ya tsayar da ni, na ga a fuskarsa da gaske taimakona ya yi niyya. Tun asuba ya tashi, ya sha ruwa da yawa domin ni. Na zagaya bayan makarantar na yi amai. Babu ruwan wankewa, wanda ya rage na sha ne, kuma Shef ya riga ya fara tafiya. Ba ni da wani takalmi, silifas ɗina na bar su a Zuru don kada Baba ya ga na saka su a jaka ya ce ban yarda da nasa ba. Haka na zura ƙafa mai buɗaɗɗen ciwo a cikin fitsarin wani ƙato. Kuma fatar ba ta yi laushi ba ko kaɗan. Duk wanda ubansa ya ba shi wannan labari na bariki, ya ji daga bakina, ƙarya ce.

Kwana ukun Shef suka zama huɗu. Ban sake cire takalmin ba, ko da kwanciya, don na san idan ya fita ba zai koma ba. A rana ta huɗu ƙudaje suka fara bina. Mutanen da suka yaba takalmin a Gembu suka daina zama kusa da ni wajen cin abinci. Wani ya toshe hanci ya ce a bar mai mushe ya yi gaba. Ƙafar hagu ta kumbura har ta cika wuyan but ɗin tana leƙowa ta sama, zazzaɓi ya rufe ni. Shef ya sa aka fassara mini cewa shi ba asibiti ya buɗe ba, wanda ya kasa a karɓi kayansa a bar shi a inda yake. Na dubi wurin, babu gida, babu gona, ciyawa ce har ƙarshen gani. Na tuna Rifkatu tana shanya barkono a kan dutsen bayan gidanmu, na tuna ƙamshin tuwon dawa, hawaye ya zo mini ina tafe da batir a ka.

Da hantsi muka shigo wani ƙauye, ranar kasuwarsu ce, Laraba. Aka ce a huta a sayi abinci. Na zube a gindin wani mangwaro. A nan wani dattijo yake zaune a kan buzu, da tarin tsofaffin takalma a gabansa da allura da zare. Ya dube ni ya yi mini sannu da Hausa. Sunansa Malam Buba, yana ɗinkin takalmi, yana kuma yin wanzanci idan ta kama. Bai toshe hanci ba. Ya matso ya danna ƙwaurina da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba.

"Kwana nawa rabonka da cire shi?"

"Biyu."

"Za a cire yanzu."

Ya kwance igiyar duka, na dama ya fita da ƙyar. Na hagu ya ƙi. Markus ya riƙe ni, Malam Buba ya ja, na yi ƙara har mata suka taso daga rumfunansu. Sai ya ɗauko aska.

Na riƙe hannunsa. "Malam, don Allah kada ka yanka. Ba nawa ba ne."

"Ƙafar fa, taka ce ko ita ma aro ce?"

Na ba shi labarin Baba Saje da akwatin gawa, duk da zazzaɓi, ban rage komai ba sai maganar Markus. Ya saurara har ƙarshe.

"Ɗana, yau ko dai in yanka takalmi, ko nan da kwana uku wani ya yanka ƙafa. Ni ta ɗinki zan bi, ba ta fata ba. Abin da na farke zan iya mayarwa."

Na saki hannunsa na juya fuska. Ya bi ɗinkin baya a hankali, zare bayan zare, kamar mai fiɗar abin da yake tausayi. Abin da ya fito daga ciki ba zan kwatanta shi duka ba. Ƙafar ta yi fari ta yi taushi kamar rogon da aka jiƙa, farcen babban yatsa yana lilo, ruwan da yake fita ba jini ba ne. Wata mata mai sayar da nono ta ɗauke ƙwaryarta ta koma nesa, kuma ban ga laifinta ba. Ni kaina na tsani ƙafar.

Malam Buba ya sa aka kawo ruwan ɗumi da gishiri, ya wanke da hannunsa, ya cire farcen, ya shafa wani magani ya naɗe da tsumma mai tsabta. Ya aika aka sayo mini ƙwayoyi a teburin mai magani. Yana aiki yana faɗa, ba da tsawa ba.

"Wannan takalmin tsayuwa ne, ba na tafiya ba. An yi shi don a gan shi. Kai manomi ne, za ka ɗauki sabuwar fartanya da ba ka taɓa riƙewa ba ka je gayya da ita? Takalmin tafiya ana saba da shi tun a gida. Kuma da yamma ake gwada shi, lokacin da ƙafa ta gaji ta buɗe. Ka tura ƙafa gaba, idan yatsan hannunka bai shiga ta bayan diddige ba, ka ajiye shi, ko na wane ne."

"Ko na suruki?" in ji Markus.

"Musamman na suruki. Shi ne ba ka iya cewa ya matse."

Ya shinshina but ɗin, ya dubi Markus, ya dube ni, bai ce komai ba. Wannan shirun nasa har yau ina gode masa.

Daga cikin tarinsa ya zaro takalmin roba, ruwan ƙasa, wanda wani makiyayi ya daɗe da sawa har ya lanƙwashe, ya fi ƙafata girma kaɗan. Ya haɗa mini da safa biyu masu kauri, ya ce in riƙa sauyawa, in wanke ɗaya in rataya a kan kaya ta bushe ina tafe. Tashi-ka-bi-shanu. Na sa, na miƙe, na taka. Ciwon yana nan, amma babu abin da yake cizona. Ya ce but ɗin sai ya bushe kwana biyu a inuwa kafin ya karɓi allura, in bar shi, idan mun sauko in biya in karɓa. Na sa shi ya maimaita alkawarin sau biyu. Ya yi dariya ya ce, "Ina zan je? Shekara talatin ina gindin bishiyar nan."

Ban tambayi sunan ƙauyen ba. Ni da nake tambayar abu sau uku, ni da nake komawa in duba ko na rufe rumbu, ban tambaya ba, domin na ɗauka ta nan za mu dawo. Wannan ya fi fitsarin Markus ci mini rai.

Markus ya ɗauki batir ɗina ya ba ni ƙarafansa da suka fi sauƙi, har muka kai. Mun yi kusan mako uku a kan dutsen, muna hawa muna sauka da yashi da siminti. Robar nan da na raina tana kama laka, ruwa ya shiga ya fita, in wanke ta a rafi ta bushe kafin in gama cin abinci. Ƙafata ta warke a cikinta. Kullum da safe nakan hangi ɓangaren da muka fito in ce saura kaɗan.

Ranar da aka gama, Shef ya nuna wata hanya daban, ta bayan dutsen. Ya ce mota tana jiranmu ta can, wuni ɗaya ne. Na je na durƙusa masa, ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba sai iyaye da Baba Saje. Na sa aka fassara masa cewa akwai amanar mutum a ƙauyen baya. Ya tambayi mene ne. Da aka ce masa takalmi, ya yi dariya har cikinsa yana rawa, ya kira direbansa a waya ya ba shi labari. Na ce to zan koma ni kaɗai. Markus ya ja ni gefe.

"Ka san hanya?"

"Zan tambaya."

"Da wane yare? Ina takardarka in jandarma ya tare ka? Duk takardunmu suna jakar Shef. Ishaya, Saje zai fi son takalmi ko zai fi son 'yarsa ta zama gwauruwa?"

Na bi su. Motar ta zagaya da mu ta garuruwan da ban sani ba, kwana biyu, ta zubar da mu a bakin iyaka. Maganar abin da aka biya mu ba zan shiga ba, ba ita ta kawo ni ba.

Da na iso gida na ɓoye robar a jaka, na sayi silifas a tasha. Baba Saje ya amsa gaisuwata, idonsa yana ƙafata.

"Ina abokin tafiyar da na ba ka?"

"Baba, ɗinki ya ɗan saki, yana wurin mai gyara."

"Madalla. Ka ga amfaninsa ko?"

"Na gani, Baba."

Ban yi ƙarya ba, kuma ban faɗi gaskiya ba, wannan tsakiyar ita ce take hana ni cin abinci. Shi ya ɗauka mai gyaran yana nan cikin kasuwar Zuru. Na yi niyyar komawa bayan girbi, sai rani ya zo da rashin lafiyar Rifkatu. Bara na kai har Banyo, na kwana biyar ina tambayar ƙauye mai kasuwar Laraba da mangwaro. Mai shayin nan ya gane ni, ya ce ƙauyuka masu cin Laraba a yankin sun fi yatsun hannu, kuma babu wanda ba shi da mangwaro. Gadar ma an gyara ta, na kasa gane inda muka sauka.

Markus ya ce in je Kaduna in sayo wani but irin na Baba, in goge, wa zai sani? Baba zai sani, ya san kowace ƙusa. Idan kuma sai bayan ransa za a ɗora, ni zan sani, ina tsaye a bakin kabarin. Robar tana nan ƙarƙashin gadona, ko tsagewa ba ta yi ba, kullum na gan ta sai raina ya ɓaci.

Ranar Asabar da ta wuce na je duba shi. Ya rame, magana sai an kai kunne. Hularsa tana kan kwabad, an goge ta, kusa da ita rigar filon nan a ninke, babu komai a ciki. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ishaya, mai gyaran nan naka ya fi tela jinkiri. Ka ce masa mai kaya ya kusa tafiya." Gobe bayan coci zan je in karanta masa wannan da bakina, har wurin Markus, kafin wani ya riga ni.

Ga roƙona ga duk wanda wannan ya isa hannunsa, musamman masu fataucin shanu, da 'yan acaɓa, da masu zuwa cin kasuwa tsakanin Gembu da Banyo. Ƙauyen yana kan tudu, tafiyar kwana huɗu ce da kaya daga wata gadar katako, kasuwarsa Laraba. Akwai masallaci mai shuɗiyar ƙofa, da mangwaro biyu a gabansa, ɗaya tsawa ta raba shi. Malam Buba dogo ne, fari, ɗan yatsansa na hagu guntu ne. Takalmin baƙi ne, an farke na hagu ta baya, ƙusa uku sun fita a diddigen dama, a cikin harshen kowanne an ƙona alamar gicciye da bakin ƙusa. Wanda ya san sunan garin, ko hanyarsa, ko ya san Malam Buba yana raye ko ya rasu, ya aiko da saƙo ta hannun direbobin da suke shigowa Zuru, a ce a ba Ishaya surukin Saje. Idan an sayar, a faɗa mini wanda ya saya, ba zan yi faɗa da kowa ba. Idan bai samu ya ɗinka ba, a bar shi a farke. Ko ƙafa ɗaya ce ta rage, zan zo in ɗauka.